Makin da Na Ba Yayana

Ni ne mai raba maki a majalisarmu ta bakin shagon tela a Tudun Wada. Duk lokacin da ƙungiyar ƙwallon kwandon da yayana ke buga wa ta yi wasa, sai in hau benci in ba kowane ɗan wasa makinsa cikin goma.

Washegarin da aka fitar da su daga gasa, bakina bai huta ba. Na ba koci biyu, na ce yana canza 'yan wasa kamar mai rabon tuwon suna. Dogon cikinsu ya samu uku, don tsayinsa na share yanar gizo-gizo ne kawai.

Tela ya ce, "To, yayan naka fa? Shi ya ɓarar da jifan ƙarshe."

Na san sati biyu ke nan Inna tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi kafin ya iya takawa. Amma ana ta dariya, ban so ta tsaya ba. Na ce, "Sifili. Ƙwallon da ya jefa har yanzu ana nemansa a unguwar Gyallesu."

Kafin la'asar maganar ta riga ni isa gida. Bayan kwana uku ƙungiyar ta sallame shi. Ya ajiye takalman wasansa a ƙofar ɗakina, ya ce, "Alƙali, gwada su. Wataƙila kai ka samu maki ɗaya."

Sun yi mini daidai, amma har yau na kasa fita da su.