Bindigar da Ta Hana Kawu Sabi'u Komawa Kano

Ku da kuka san Kawu Sabi'u na Germantown, kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa kawai. Sai ya gyara tabarau, ya juya abin, ya shinshina, sannan ya yanke hukunci: "An taɓa ta." Mota, agogo, har miyar kukar matarsa Anti Hauwa ba ta tsira ba.

Ƙanin mahaifiyata ne, injiniya, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Amma ɗakin baƙinsa cike yake da tsofaffin bindigogin soja, kuma ba lafiyayyu yake tarawa ba. Waɗanda aka ƙera don gwaji sojoji suka ce ba sa so, da waɗanda aka yi wa kwaskwarima, su ne 'ya'yansa. Ni kuwa direbansa ne na dole. Wallahi har yau in na ga hanyar Virginia, bayana ke fara ciwo.

Wata Asabar ya fito da babbar riga da hula, ya naɗe wata doguwa a atamfar Anti, wai mu tafi kasuwar bindigogi a Virginia. A shekarun nan fa da ko gemu ka ajiye sai an bi ka da kallo!

Na ce, "Kawu, don Allah ko jaket ka sa."

Ya ce, "Takarduna cikakku ne. Kai ne dai ba cikakke ba. Ja mota."

Muna isa sai ga tsofaffin Turawa suna rige-rigen gaishe shi. Ya zauna yana ciniki kamar a Kurmi, har ya koya wa wani dattijo, Walta, cewa "albarka". Ni ina gefe ina zufa.

Man bindiga kuwa bai taɓa saya ba. Man kaɗanya yake karɓa wurin wata Hajiya 'yar Kumasi. Da Walta ya ce zai lalata katako, Kawu ya ce, "Dubi fatar Hajiya, dubi taka."

Akwai wata gajeriya da ya fi ji da ita. Asalinta ta ɗuri ce, aka yanke bayanta aka yi mata 'yar ƙofar zuba harsashi, aka kankare tambarin. A kanta zaman Anti ya rataya. Ta gaji da sanyi, 'yan'uwanta na ta rasuwa a Kano ba ta nan, gidan da suka gina yana jira. Bindigogi kuma ba sa shiga jirgi zuwa gida.

"Alhaji, yaushe za mu koma?"

"Bari in gano asalin wannan, sai in sayar da su duka mu tafi."

Haka ya yi ritaya yana faɗa. Anti ta ɗaure kaya ta kwance har akwatunan suka gaji. Ni ma na gaji, kuma na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Da ya rasu, a nan Maryland muka binne shi. Bayan addu'ar bakwai na kira Walta ya taimaka mana mu rabu da kayan. Ina miƙa masa gajeriyar na ce ita ce ta gagari Kawu.

Ya yi dariya har da tari. "Wannan? Ai ranar da ya saye ta shi ya gaya mini ƙasar da aka ƙera ta da inda aka sauya ta. Cewa ya yi irinsa ce. Can ba za su gane ta ba, nan ba su san sunanta ba."

Na juya ina tunanin yadda zan fassara wa Anti. Ashe ta ji.

Ta ce, "Bar shi, ɗana. Na daɗe da sani. Tsoro yake ya koma Kano a juya shi a ce an taɓa shi."

Ta kwance ɗankwalinta na sama ta goge ƙurar bindigar. Ta ce a sayar da sauran, wannan in riƙe, in riƙa shafa mata man kaɗanya.

Anti ta tafi Kano ita kaɗai. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya kai shi gidan da ba a tambayar asalin kowa, ya karɓe shi yadda yake. Amin.