Kwali Mai Taga

Shekaranjiya jikata ta juye sukari a gwangwani, ta jefa kwalin a kwandon shara. Na sunkuya na ɗauko shi ina jujjuyawa, har yarinyar ta ce, "Hajiya, me za ki yi da shara?" Na ce mata ba komai. Ƙarya na yi. Akwai abin da kwalin ya tuna mini, kuma yau zan gaya maka shi, mai karatu, ko na ji sauƙi a ƙirjina.

A Unguwar Sarki na tashi. Babana tela ne, ƙanensa kuma, wato Baffa, gyaran keke yake yi a ƙofar gida, shi ya sa zaurenmu kullum warin baƙin mai yake da na roba. Ɗakin da ke kusa da bishiyar mangwaro an ba da shi haya ga wata mata 'yar Zariya mai buga tafireta a ofishin gwamnati. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma Gwaggo muke ce mata. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta da yawan magana.

Har na kai aji uku ban iya karatu ba, kuma ba wanda ya sani. A ajinmu malami ne ke karanta layi, mu amsa gaba ɗaya kamar za mu ɗage kwanon rufi. Da haka na haddace littafin tsaf. 'Ya'yan ma'aikata suna da littattafai a gida da masu duba musu, mu kuwa 'ya'yan masu sana'a sai dai baki ya bi baki. In aka ce in tashi in karanta, sai in kafa ido a kan shafi in zubo shi kamar ruwan famfo, malami ya ce a tafa mini.

Gwaggo ce ta kama ni. Wata rana bayan la'asar ina ta rera karatuna a gindin mangwaro, ta tsaya a kaina tana kallo. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin sukari da reza, ta yanka 'yar taga a tsakiyarsa, ta ɗora a kan shafin. Kalma ɗaya tak ta leƙo. Ta ce, "Karanta mini wannan." Wallahi ji na yi kamar an kwance mini zani a kasuwa. Na kalli kalmar, kalmar ta kalle ni.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Daga ranar, kullum ta dawo daga aiki ta yi salla, sai ta shimfiɗa tabarma ta kira ni, ni kaɗai. Ba ta haɗa yara biyu, ta ce a cikin taro ne wanda bai iya ba yake ɓuya. Har yau ina jin ƙamshin man da take shafawa, ina ganin yatsanta mai baƙin tawadar tafireta yana tura kwalin a hankali daga kalma zuwa kalma. Innata ta sha aika mata da tuwo don godiya, ita kuma ta mayar da kwanon cike da lemo. Kafin mangwaro ya sake nuna, ina karanta duk abin da idona ya faɗa a kai, har rubutun jikin motoci. Kwalin nan kuwa ya yi laushi, ya yi baƙi, gefensa duk ya zaizaye.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa ne aka sa 'yar Baffa a makaranta. Na girme ta da shekara uku, Yaya take ce mini, kuma duk inda na sa ƙafa nan take sa tata. Kafin nan ita ke yi wa uwarta tallan ƙosai da safe. Ajinsu ya cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, ta kusa shekara biyu ba ta gane ko harafi ɗaya ba. Baffa ya ce shi ya gaji. Abin da ya sa ya yarda tun farko shi ne ya samu mai karanta masa wasiƙa a cikin 'ya'yansa, ya daina kai sirrinsa waje. Ya yanke magana: in damina ta wuce ba ta iya karanta wasiƙa ba, za ta koma kan farantinta.

Gwaggo ta so ta ɗauke ta, sai ofishinsu ya tura ta kwas Zariya na wata uku. Ranar da za ta tafi ta yanka sabon kwali ta danƙa mini. Ta ce, "Ban taɓa neman komai a wurinki ba. Yau ina nema. Ki zauna da ƙanwarki kamar yadda na zauna da ke." Na ce to, har da rantsuwa.

Kwana huɗu na yi ina cika alkawari. Aikin kwali aiki ne na haƙuri, ni kuwa lokacin kaina ya fara rawa. Na yi sababbin ƙawaye 'ya'yan ma'aikata, ɗaya daga cikinsu akwai talabijin a gidansu, kuma da yamma ake fara shiri, daidai lokacin karatunmu. Ina zaune da yarinyar nan tana lalubar harafi, hadari yana haɗuwa, zuciyata tana can gaban talabijin. A rana ta biyar na cusa kwalin a ƙasan akwatin kayana, na ce mata, "Ki riƙa faɗa bayana." In karanta layi, ta maimaita. Ai kuwa ga ƙwaƙwalwa. Sau biyu take ji ta riƙe. Cikin minti goma mun gama, na ja mayafina na fice. Ni da aka ciro daga ramin nan da hannu, ni na tura ƙanwata ciki ina sane.

In Baffa ya tambaya, sai ta buɗe littafi ta zubo masa shafi uku ba gargada. Ya yi ta murna, har ya haɗa mata ɗan keke daga tsofaffin ƙarafa.

Wasiƙar ta zo ne a ƙarshen damina, daga wani ɗan'uwan su Baffa a ƙauye. An ɗauke ruwa ke nan, tsakar gida tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baffa ya wanke hannunsa da kananzir, ya kira matan gida da babana su zo su ji 'yarsa. Ya miƙa mata takardar. Ta riƙe da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta ɗago ta dube ni. Na kawar da kai. Sai ta buɗe baki ta fara da muryar nan ta rerawa: "Wannan gida ne. Gidan yana da ƙofa. Akuya tana bakin ƙofa." Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gefen zani.

Baffa bai daki 'yarsa ba. Ni ya juyo ya kalla, ya ce, "Ba ke ce ke koya mata ba?" Abin da na faɗa shi ne abin da ya fi komai ci mini rai a duniya. Na ce, "Na yi iya ƙoƙarina, Baffa. Kanta ne ba ya ɗauka." Ya karɓi wasiƙar ya ba ni, na karanta musu tas, har ana sa mini albarka. Ranar Litinin ina ɗaura ɗankwalin makaranta, ita tana ɗora faranti a ka.

Da Gwaggo ta dawo na maimaita mata ƙaryar. Ta ce in kawo mata kwalin. Ta juya shi gaba da baya, fari fes, gefensa da kaifi kamar ranar da ta yanka. Ta ce, "Wannan bai sha hannu ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma gara a ce mari ta kwaɗa mini. Ta je ta roƙi Baffa, ya ce an gwada an gani. Ta nemi ta koya wa yarinyar da yamma, amma ita yarinyar da ta ga littafi sai ta fashe da kuka ta gudu bayan ɗaki. Ba a jima ba aka yi wa Gwaggo canjin wurin aiki, ta kwashe kayanta. Ban sake ganinta ba.

Yanzu mangwaron nan babu shi, an gina shaguna a wurin. Makarantu sun yi yawa a unguwa, masu kuɗi da marasa kuɗi, amma in na wuce ta bayan wasu azuzuwan har yau ina jin yara suna amsawa gaba ɗaya, kuma na san a cikinsu akwai masu ɓuya. Tun da na yi ritaya nake zama da yaran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ta yaba mini. Ba su san abin da nake wankewa ba.

Ƙanwata tana Kurmin Mashi, tana da gidan abinci da ma'aikata, ta aurar da 'ya'ya, ta je Makka. Duk lokacin da na ziyarce ta sai ta miƙo mini wayarta tana dariya ta ce, "Yaya, duba mini saƙon nan, kin san kaina ba ya ɗauka." Maganata ce, ta riƙe ta shekara da shekaru kamar yadda ta riƙe shafukan nan.

Jiya na yanka taga a kwalin jikata, na je na sami ƙanwata, na gaya mata komai, har da talabijin. Na zaci za ta yi fushi, na ma so ta yi. Ta daɗe tana jujjuya kwalin a hannunta, ta sa yatsa a cikin tagar, sannan ta ce a hankali, "Yaya, ashe da zan iya?"