Hannun Rigar Baba

Na dawo Gumel daga makarantar kwana ta 'yan mata da takardar gamawa da kibiyoyin saƙa. Takardar, Inna ta jefa ta ƙasan adaka. Kibiyoyin kuwa ban bari sun huta ba.

Baba dillalin shanu ne. Ranar kasuwar Maigatari tun da sassafe yake hawa bayan akori-kura, kuma sanyi na shigowa tari ke kama shi, irin mai tasowa daga ƙirji. Bara waccan har kwanciya ya yi a asibiti. Malamin asibiti ya ce lallai ya riƙa rufe ƙirjinsa. Aka kawo masa suwaita ta gwanjo, ya ce ba zai sa rigar da bai san wanda ya mutu a cikinta ba. Na ce to, ni zan saƙa masa sabuwa, mu ga abin da zai fake da shi.

Gwaggo ta taho mini da ulu ruwan toka daga Kano. A littafin saƙa na zaɓi riga mai maɓallai a gaba, mai tufka: a kwashe wasu madaukai a kan ƙaramin tsinke, a saƙa na bayansu, a dawo da su, sai saƙar ta murɗe kamar igiyar ɗaure saniya. Ƙaramin tsinken nawa ya ɓata tun a makaranta, da tsinken kitson Inna na yi. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. In tufkar ta karkace nakan wurgar da ita bayan randa, in tashi, in dawo in ɗauka.

Ranar da na gama na durƙusa na miƙa masa. Ya juya ta, ya shafa tufkar da babban yatsa, ya sa. Ta zauna masa cif. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ashe bokon bai tashi a banza ba."

Sai aka kira azahar. Ya ɗauki buta ya tsuguna bakin rariya, ya ja hannun rigar sama. Ta ƙi wuce tsakiyar sangalin hannunsa. Ya sake ja, ta ƙi. Ina kallo ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe, ya yi alwalarsa, ya ninke ta ya ba Inna.

"Ta yi kyau. Amma wanda ya tsara ta ba ya salla."

"Baba, haka littafin saƙar ya ce a matse bakin hannun."

"To a kai wa littafin ya sa."

Inna ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Yanke hannun ki huta, 'yar boko."

"Inna, Baba ne fa, ba ɗan dambe ba."

A ranar na warware hannuwan biyu tun daga kafaɗa. Zaren ya nannaɗe kamar gashin tinkiya, sai da na turara shi a bakin tukunya ya miƙe. Ba zan iya kama damtsen Baba in auna ba, wa ya taɓa yin haka? Jamfarsa na sauke daga igiyar shanya na auna da ita. In na bar bakin hannun a buɗe iska za ta shiga, aikin banza ke nan. Sai na tsaga shi, na sa maɓalli: a ɓalle, hannu ya wuce gwiwa, a gama a mayar. Wannan babu shi a littafin kowa, nawa ne.

Ban miƙa masa ba wannan karon. Kusa da butarsa na ajiye, na koma ɗaki ina leƙe ta labule. Ya sa, ya ga maɓallin, ya ɓalle, ya ja. Hannu ya haye har damtse. Ya wanke gwiwar hannunsa a tsanake, ya gama ya mayar da maɓallin.

Ranar kasuwa da ita ya hau mota, kuma a kan jamfa, inda duk 'yan kara za su gani. Da la'asar sakaliya ya dawo, gaban rigar duk gashin shanu. Ya tsaya tsakar gida yana lalube ƙugunsa.

"Uwata! Riga ba aljihu? Ina kike so in sa gorona?"

"Tuɓe ka ba ni, Baba, gobe ka same ta da aljihu."

"In tuɓe a wannan sanyin? Saƙa aljihun daban, kya ɗinka a jikina."