Dakta Sha'aban Baure da Na'urar Auna Hanta

Haihuwa da karatu

An haifi Dakta Sha'aban a garin Baure a shekarar 1959. Mahaifinsa Malam Hamma mai fataucin dabbobi ne, sunan mahaifiyarsa Kubura. Ya sauke Alƙur'ani a 1971, ya yi sakandare a Daura, ya kammala karatun likita a Zariya a 1985.

Aiki da iyali

Ya auri Maimuna 'yar Zango a 1987. Shekara talatin yana aiki a wani asibiti a Daura, inda ya shahara wajen soka allura tsakanin haƙarƙari ya tsakuro hanta don bincike, har akan turo masa masu tsananin ƙiba, waɗanda sauran likitoci ke shakkar soka musu allura.

Zuwan na'ura

A 2018 almajirinsa Dakta Suhaibu ya dawo daga ƙarin karatu da na'urar da ake dangwala wa mutum a gefen ciki, ta nuna kitsen hanta da taurinta ba tare da huda ba. Cikin wata shida layin marasa lafiya ya koma ƙofar Suhaibu. Dakta Sha'aban bai taɓa aibata yaron a bainar jama'a ba, amma ya daina amsa gaisuwarsa da suna, kuma yakan ce na'urar ta ragwaye ce.

Jinya

Shi kansa mai jiki ne, ga ciwon suga. A 2021 aka shawarce shi da tiyatar rage tumbi, bisa sharaɗin a fara duba hantarsa. Suhaibu ya roƙe shi sau uku ya bari ya auna shi da na'urar, yana cewa awon minti goma kawai zai ɗauka. Ya ƙi, ya ce sai dai allura, alhali babu hannun da ya amince wa da ita sai nasa. Sai a 2023 ya kwanta a gaban almajirin, na'urar ta nuna hantar ta riga ta ƙandare, tiyata ba za ta yiwu ba. Ya karanta sakamakon da kansa, ya ce awon daidai ne.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata da hantsi, 5 ga Maris 2024, aka binne shi a Baure bayan azahar. Suhaibu na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Musaddiq, Sama'ila, Amatullah, da Siddiƙa, wadda a yau ita ke riƙe na'urar a ɗakin Dakta Suhaibu. Allah Ya gafarta masa.