Mai jegon da ta ƙi zama

Har yau ranar da aka kawo mini jinjirin Hawa ba ta fita raina ba. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, magani ya yi wuya, babur ma an hana hawa a yankinmu. Ina aiki a ƙaramar likita ta wani ƙauye kusa da Tabla, mataimakiyar majo, wato babban ma'aikacin jinya mai riƙe da wurin. Ni ke awon jarirai da duba masu jego. Ran nan majo ya tafi Filinge karɓo magani, ya bar ni ni kaɗai.

Haihuwar fari ce, ko arba'in ba a yi ba. Uwar Hawa, Inna Delu, ita ta goyo yaron, Hawa na biye da ita. Zawo yake, maɗiga ta faɗa, kukan ma ba ƙarfi. Na karɓe shi, na tambaya:

"Yaushe rabonshi da nono?"

"Jiya na hana," in ji Inna. "Nonon ya ɓaci. Mun tatsa a ludayi mun saka tururuwa, ba ta hita da rai ba."

"Haba Inna! Tururuwa ko cikin hura ta faɗa ai mutuwa take."

Na haɗa ruwan gishiri da sukari irin na likita, ina ɗiga wa yaron, na ce wa Hawa ta zauna ta ba shi nono. Ta ƙi. Tana tsaye, ta riƙe bakin ƙofa.

"Ke, bencin cizo yake?"

Ta sauka a hankali, ta ɗosana gefe guda, zufa ta karyo mata. Sai na gane. Na tura Inna ɗebo ruwa, na rufe ƙofa.

"Basir ne?"

Ta rufe fuska da zane. Tun da ta haihu abin ya fito. Bayan gida ya zame mata azaba, har da jini. Don kada ta je, ta rage tuwo, ta rage ruwa, nono ya ja baya. Sannan ta sa aka sayo mata wani ɗaci a kasuwa, mai wanke ciki, tana sha a ɓoye. "Ya zan hwaɗa ma Inna wanga abu?" in ji ta.

Na duba ta, jinin ba yawa. Na kira majo, da ƙyar waya ta shiga. Majo ya ce, "Kar a tsai da nono. Ta bar maganin kasuwa, ba mu san abin da ke ciki ba, kuma yana iya bin nono. Ba ta farasitamol. In yaron bai kama ba, ko bai yi fitsari ba kafin la'asar, ku nemi amalanke ku taho."

Amalanken jaki, da jinjirin da bai iya kuka!

Na shimfiɗa tabarma, na kwantar da Hawa ta gefe, na jawo yaron jikinta. Ya ƙi. Inna ta dawo ta tsaya kaina: "Ɗiyar nan, in jikana ya mutu, ke ce." Na gyara wa yaron kwanciya. Na tatsa masa a baki, na sake. Can ya kama.

Ina bai wa Hawa ruwa kofi bayan kofi, ina leƙa inuwa don in ga lokaci. Gab da la'asar na ɗauki yaron, ya tsula mini fitsari a farar riga. Ban taɓa murna da ƙazanta kamar ran nan ba.

A gaban Inna na faɗi ciwon da sunansa: ruwa da yawa, miyar kuka, zogale, wake, zama cikin ruwan ɗumi ba mai ƙuna ba, ban da yunƙuri, in jini ya ƙaru a dawo. Inna ta ce, "Ni ma na yi shi a goyonta. Ban hwaɗa ma kowa ba."

To, ku sababbin zuwa aikin nan: in an miƙo muku jariri, kada ido ya tsaya kansa. Ku ba uwar wurin zama, ku ga yadda za ta zauna.