Babur ɗin Baba Wasiƙa da Ramin Marfin Tanki

Shekara talatin da ɗaya Baba Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a kan babur guda, har sunan ya bi shi, jikokinsa ma ba su san yana da wani ba. Da ya yi ritaya daga gidan waya sai aka bar masa babur ɗin, don ba mai so. Tsohon yayi ne, mai ƙaton tanki da fitila kamar kwanon sha. Kullum kafin ya karya kumallo sai ya goge shi tas, matarsa na tsaye tana cewa, “Malam, da haka kake goge takalmanka da mun huta.”

Da aka yi masa aikin gwiwa ya yi wata huɗu bai taka waje ba. A lokacin ne mijin autarsa, mai fentin motoci, ya lallaɓa ya tura babur ɗin garejinsa, ya kankare tsatsa, ya fesa masa koren fenti irin na asali. Ranar da ya dawo da shi tsohon ya zagaya shi sau uku da sandarsa, yana ta sa wa surukin albarka.

Amma da ya samu ƙarfin hawa, sai babur ya ɓullo da sabon hali. Bugu ɗaya zai tashi, ya yi tafiyar minti goma lafiya lau, sannan ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. In an bar shi ya huta sai ya sake tashi kamar ba shi ba.

“Kafireta ce,” in ji Baba Wasiƙa. “Wata huɗu mai na kwance a ciki, dole ya yi danƙo.”

Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya ari farantin matarsa ba tare da ya tambaya ba, ya kwance kafiretar, wato inda mai ke gauraya da iska, ya jera sukurorinta a farantin. Ƙasan kofinta da mai ke taruwa a ciki kuwa ya yi kore, yana warin tsohon fetur. Ya wanke, ya zare silin waya ɗaya ya bi ’yan ramukan da mai ke wucewa, ya hura, ya ɗaga wa rana har ya ga haske ta ciki. ’Yar robar da ke yawo a kan mai ma ya girgiza ta a kunnensa ko ta huje, ya ji shiru. Ya mayar da komai, ya hau da murna. Daidai shagon magani babur ya mutu.

Ya canza tiyo, ya sa sabon matacin mai, ya sake kwance kafireta har sau biyu. Duk a banza. Maƙwabta suka fara cewa, “Baba, abin nan ya gaji, a bar shi ya huta mana.” Sai ya yi murmushi kawai, amma matarsa ta lura ya rage cin abinci. Ta san ba ƙarfen yake wa fargaba ba. Gani yake in babur ya zauna, shi ma ya zauna ke nan.

Wata safiya ya sake mace masa a bakin titi. Ya buɗe tanki don ya duba mai, sai ya ji marfin ya yi “fuuu”, iska ta ruga ciki. Yana kallo fetur ya gangaro ta tiyo da gudu. Ya juya marfin a hannunsa, ya nemi ɗan ramin da tanki ke shan iska ta cikinsa, babu shi. Fenti ya toshe shi sumul. Tanki ba ya numfashi, ina mai zai sauka? Ya zauna a kan dakali ya yi ta dariya shi kaɗai.

A gida matarsa ta ce, “Ka huda abinka ka yi shiru. Yaron nan alheri ya yi maka, kada ka ba shi kunya.”

“Na sani. Amma ba nawa kaɗai yake fesawa ba.”

Ya sassauta marfin ya tafi garejin. Surukin ya ajiye abin feshi ya durƙusa.

“Baba, ku da kanku? Ai da kun aiko na zo.”

“Tashi, ɗana. Samo mini allura.”

A gabansa ya huda ramin, ya yi masa bayani a hankali, ba faɗa. Surukin ya dafe kai.

“Wayyo, Baba, ashe ni na wahalar da ku! Kuma akwai tsofaffin babura biyu da na fesa makon jiya.”

“To kira masu su yanzu, kafin su kwance kafiretarsu sau uku kamar wani.”

Ɗaya daga cikinsu ya iso kafin azahar, yana turo nasa, gumi sharkaf. Baba Wasiƙa ya huda masa, ya kuma saurari injin ya daidaita masa iska da sukudireba. Tun daga ranar surukin ya ajiye masa kujera a inuwar garejin. Yana zuwa Litinin da Alhamis, masu tsofaffin babura na jiransa, wani lokaci ma sai matarsa ta yi waya ta tuna masa da maganin gwiwa.