Zaren da Mama Ta Yanke

Mama ta zo garin Greensboro na Amurka tana jan ƙafar hagu. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta a gida, yayata da mijinta suka ɗauko ta. Mu huɗu muka zauna a ɗan gidansu na Glenwood, su a ɗaki guda, ni da Mama a ɗayan, wanda gado ya cinye shi har ƙofar ba ta buɗuwa duka. A lokacin ina karatu a jami'a.

Likitar da ke duba ta ta ce sai an riƙa ɗaga ƙafar kullum, in ba haka ba jijiyoyin za su ƙage, kuma in suka ƙage babu sauran tafiya. Mama ta ce to. Da muka dawo gida ta ƙi.

"Da girmana in zauna ina wutsil-wutsil da ƙafa kamar jaririya?"

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin da ta zo rainon jika. Kowace safiya takan fito bakin hanya da wani ɗan abin wasa: gashin tsuntsu huɗu, ja da fari, an soke su a gindin roba mai 'yan ƙarafa. Da gefen ƙafa take buga shi, ya tashi, ya juyo a hankali kamar furen da iska ta tsinko, ta sake tarbarsa kafin ya taɓa ƙasa. Ƙarafan suna cewa cas, cas. Mama takan kalle ta ta taga.

"Dubi Hajiyar Sin," in ji ta. "Ta girme ni, amma ko ɗan akuya albarka."

Ba sa jin yaren juna. Duk da haka wata rana tsohuwar ta shigo da irin abin nata ɗaure da dogon zare, ta rataye shi a saman ƙofar falo, ya sauko daidai idon sawu. Ta nuna ƙafar Mama, ta nuna gashin. Mama ta yi dariya har ta rufe baki, sannan ta dafa kafaɗata ta gwada. Ƙafar ta ɗan motsa, gashin ya yi lilo.

Muka sa masa suna 'yar fiffike. Da mijin Yaya ya tafi aikinsa a wani sito da ke Wendover, sai Mama ta tattare zani zuwa gwiwa, ni ina ƙirga. Daga uku muka kai goma sha biyu. Ta fara zuwa kicin da sanda kawai. Ni kuwa har na fara hango ta tana saukowa daga jirgi da ƙafafunta.

Da sanyi ya shigo aka sallami mijin Yaya daga aiki. Ya koma wuni a falo, yana cike takardun neman wani. Mama ba za ta ɗaga zani a gaban suruki ba. Ko abinci ba ta ci a gabansa. A ɗakinmu babu wurin miƙe ƙafa, waje kuma ƙanƙara.

"Mama, ɗanki ne fa," in ji Yaya.

"Ɗana ne, shi ya sa."

Mutumin kirki ne. Da ya gane, sai ya riƙa ɗaukar makulli da hantsi ya ce zai je ganin wani. Mama ta koma bugu, kwana shida. A na bakwai ta leƙa taga don ta ga ƙawarta, sai ta hango shi zaune cikin mota a bakin gida, injin a kashe, ya cusa hannuwa a hammata, numfashinsa ya rufe gilashi.

Ta daɗe tana kallo.

"Auta, miƙo min almakashi."

"Mama, shi ya ga dama."

"Na kori mutum daga gidansa saboda wasan yara. Miƙo min."

Na miƙa mata. Har yau ina jin nauyinsa a hannuna. 'Yar fiffike ta faɗo, ƙarafan suka yi cas sau ɗaya. Mijin Yaya ya roƙe ta daga bayan labule, Yaya ta yi kuka, likita ta yi faɗa. Mama ta ce wa kowa to.

Da itatuwa suka fara fure, a keken guragu muke tura ta. Wata safiya na fito da ita shan hantsi. Tsohuwar tana bakin hanya, da ta gan mu ta yi murna, ta bugo nata wajenmu a hankali. Ya sauka a kan takalmin Mama na hagu.

Na ga Mama ta cije leɓe, tana ƙoƙarin ɗaga ƙafar. Gashin bai ko girgiza ba. Can ta ce, "Ɗauki ki ba ta kayanta."